Buhun da Ban Rubuta Ba

Aikin farko da na yi a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, wankin kwalabe ne, kuma shi na yi wata shida cur ba a bar ni na taɓa na'ura ko ɗaya ba. Ina gaya muku wannan ne saboda jiya na ji ɗayanku, ba sai na kama suna ba, yana faɗa wa abokinsa a waya wai aikinmu ba komai ba ne: ka zuba ruwa a kofi, ka danna, lamba ta fito, ka kwafa. Mamaki ya kama ni har na ajiye abin da ke hannuna. Shekara talatin da 'yan kai ina wannan aiki a Damagaram, ashe danne-danne kawai nake yi ban sani ba.

Wanda ya koya mini aiki Malam Bukar ne, Allah ya jiƙansa, wani dogon Babarbare da bai iya dariya a wurin aiki ba. In na wanke kwalba sai ya ɗaga ta ga haske. In ya ga ɗigon ruwa ya maƙale a jikinta maimakon ya sulale, to akwai maiƙo ke nan, sai in sake daga farko. Ɗauraya uku da ruwan famfo, uku da tataccen ruwa. Kun kuwa san Damagaram da ruwa. Akwai makon da famfo ko tari bai yi ba, muka riƙa sayen ruwa a wurin 'yan garuwa muna tacewa kaɗan-kaɗan, amma Malam Bukar bai yarda a rage ɗauraya ko ɗaya ba. Abu na biyu da ya ɗora mini shi ne kaye, wannan babban littafin da kuke gani a kan tebur kuna ɗora wayoyinku a kai. Shi komai rubutawa yake yi. An ɗauke wuta, ya rubuta. An buɗe taga, ya rubuta. Na taɓa ganin ya rubuta cewa ya yi atishawa kusa da wani kofi. A lokacin na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Waccan na'urar ta lungu, mai tukunyar gas a ƙarƙashi, ita ce abokiyar zamana tun da na baro labon asibiti na dawo wannan na makaranta. Tana tsotsar ruwa ta ɗan siririn bututu ta fesa shi cikin harshen wuta. In gishirin miya ne a ruwan, wutar ta koma ruwan ɗorawa. In fotasiyom ne, wato irin gishirin da ke cikin toka da takin zamani, sai ta yi shunayya. Akwai ido a ciki da ke auna ƙarfin launin ya ba ka lamba. Lambar ba ta ƙarya, amma ba ta san daga ina gishirin ya fito ba. In da gumin yatsanka ya taɓa bakin kofin, shi ma za ta ƙirga maka shi da gaskiyarta.

Mutane iri-iri sun tsaya a bakin wannan ƙofa. Masu lambu sun kawo ruwan rijiya a gorar lemo suna tambayar abin da ya sa albasarsu ke ƙonewa. Ɗalibai sun zo ranar Laraba suna son sakamako ranar Alhamis. Wani mai tallan warwaron maganaɗisu, wanda yake cewa yana maganin hawan jini da ciwon gwiwa da rashin barci, ya taɓa zuwa neman takarda mai hatimi. Na ce masa ya kawo gwiwar in saka ta a na'ura. Bai dawo ba. Duk waɗannan ba su hana ni barci ba. Aikin da ya girgiza ni na Malama Rakiya ne.

Rakiya 'yar Garagumsa ce, 'yar manomi, ta zo yin babban binciken da ake zama dakta da shi. Ba ta da surutu, kuma ita kaɗai ce ɗalibar da na taɓa gani tana wanke kofinta ba a ce mata ba. Baba take kirana. Ran da ta fara zuwa ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da take nema, da Hausa, ba da irin Faransancin da wasu ke ɓuya a bayansa ba. Ta ce saiwar gero, kamar jikina da nata, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace ƙwaya da tantanin da ya kewaye ta. A jikin tantanin akwai ƙofofi. Gishiri in ya narke a ruwa yana rabuwa zuwa ɓarɓashi, kowanne ɗauke da ɗan lantarkinsa, su kuma ƙofofin nan su ke zaɓen wanda zai shiga da wanda zai fita. In zafi ya yi yawa tantanin sai ya saki, fotasiyom ɗin da saiwa ta tara ya tsiyaye waje, shuka ta yi laushi. Ta sha ganin haka a gonar mahaifinta in ruwan shuka ya sauka sannan ya ɗauke. Tambayarta ita ce: tunda ɓarɓashin nan na ɗauke da lantarki, maganaɗisu kuma yana da hulɗa da lantarki, ko zai canza yadda suke ratsa tantanin? Wasu masana sun ce sun ga alama, wasu sun ce ba su gani ba. Ita tana son ta gwada da geronmu.

Maganaɗisun ba sayensa muka yi ba, naɗa shi aka yi. Na ɗauki wani faffaɗan bututun roba na kai wa Mamman Sani a unguwar Kara-Kara, mai naɗin wayar fanka da injin ban ruwa. Ya yi kwana huɗu yana naɗa wayar jan ƙarfe a jikinsa, layi bisa layi, yana ƙirga zagaye da ƙwayoyin tsakuwa. In aka ba wa wayar wuta, cikin bututun ya zama wurin maganaɗisu, in aka kashe ya koma bututu kawai. Da zan tafi ya riƙe kan babur ɗina ya ce:

"Malam Isufu, abin nan zai yi zafi in ya daɗe a kunne. Kar ka bari ya ƙone, don ba ni da sauran irin wannan wayar."

Ga yadda aikin yake. Rakiya ta tsirar da gero a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ta yanke saiwoyin daidai wa daida, ta raba su cikin kofuna masu tataccen ruwa. Rabin kofunan su shiga cikin bututu, rabin su zauna a ɗaya ƙarshen teburin, nesa da shi. Irin gero ɗaya, ruwa ɗaya, ɗaki ɗaya, sa'a ɗaya. Bambancin kawai maganaɗisu. Tana jera su da hantsi, ta tafi aji don tana koyar da 'yan shekarar farko, ta dawo bayan la'asar mu auna fotasiyom ɗin da ya tsiyaye cikin kowane kofi. Tsakanin nan ni ne mai tsaro.

Muka fara da bazara, don zafin take nema. Ranar farko, ana kiran azahar na ɗora hannu a kan wayar na ji ta yi ɗumi sosai, har da ɗan ƙaurin roba. Maganar Mamman Sani ta faɗo mini. To me ɗan Damagaram ke yi in yana son abu ya yi sanyi? Abin da uwata ke yi wa tulu, abin da kowane direba ke yi wa jarkarsa, abin da mai shayin bakin ƙofa ke yi wa gorar ruwansa. Na ɗauko buhun algarara a sito, na tsoma shi a bokiti, na matse, na lulluɓe bututun duka har bakinsa biyu, na juyo fanka ta fuskance shi. Kafin rabin sa'a wayar ta huce. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Da la'asar ta gabato na cire buhun na shanya a bayan ɗaki, don kada shugaban sashe ya leƙo ya ce mun mai da labo rumfar mai shayi. Haka na yi washegari, da jibi, da kowace rana ta aikin nan.

Ban rubuta a kaye ba. Na rubuta sa'ar kunnawa da ta kashewa, na rubuta ƙarfin wuta, na rubuta zafin ɗakin daga ma'aunin da ke rataye a bango. Buhu kuwa, wa zai rubuta buhu? A kaina ba ya cikin bincike, kula da kaya ne kawai, kamar sharar ɗaki.

Sakamakon da ya fito ya ba kowa mamaki. Saiwoyin cikin maganaɗisu ba sa zubar da fotasiyom kamar na waje, kuma bambancin ba ƙarami ba ne, ko makaho ya shafa takardar zai ji shi. Rakiya ba ta yarda ba da farko. Ta canza kofuna, ta canza iri, ta sa na sake daidaita na'urar wuta, waccan ta lungu. Abin ya ƙi gushewa. Bazara ta biyu ma haka. Da damina ba ma yin aikin, don makaranta na hutu, ita kuma tana Garagumsa tana duba gonakin gwaji. Labari ya fita daga ɗakin nan. Wani farfesa daga wata ƙasa ya rubuto cewa yana da gurbi guda na bursi, wato karatu da ɗaukar nauyi a labonsu, kuma zai ba Rakiya. Sharaɗinsa ɗaya: zai zo hutu cikin watan Agusta, a yi gwajin a gabansa, sannan ya sa hannu kafin a rufe karɓar takardu.

Wannan ita ce mummunar shekarar. Baƙon bai iso ba tukuna, Rakiya ta ce mu yi gwajin share fage. Ana tsakiyar damina, sama a haɗe, rigar mutum na manne masa a baya. Na yi komai yadda na saba, har da buhuna. Da muka auna, kofunan ciki da na waje suka fito kusan ɗaya. Muka kalli juna. Muka sake washegari, haka. Rana ta uku na cikin ma suka ɗan fi zubarwa. Na kwance na'urar wuta na goge ta gaɓa-gaɓa. Na kai bututun wurin Mamman Sani ya auna ya rantse lafiyarsa lau. Na zargi gas, na zargi tataccen ruwa, har 'yan garuwa na zarga a zuciyata. Rakiya ta rame cikin mako guda. A ƙarshe ta ce wataƙila irin geron ne ya tsufa, mu je Garagumsa mu ɗebo daga rumbun mahaifinta, wanda da shi muka fara.

Mun isa rana na tsaka. Mahaifinta, Malam Habu, tsoho ne mai fara'a, ya riga ya gaya wa duk garin cewa 'yarsa za ta hau jirgi. Ya shimfiɗa mana tabarma a gindin bishiyar bedi, ya jawo wata jarka da aka ɗinke da buhu, ya tsiyaya mini ruwa a moɗa. Na kurɓa na ji shi ɗumi-ɗumi. Ya lura da fuskata ya yi dariya.

"Ka yi haƙuri, Malam. Da damina buhu ba ya aiki. Da bazara iska na da ƙishi, tana shanye ruwan buhun ta bar maka sanyi. Yanzu ita ma ta ƙoshi, me za ta sha?"

Moɗar na hannuna na kasa ajiye ta, na kasa kai ta baki. Abin da tsohon nan ya faɗa na san shi tun ina yaro, kowa ya san shi. Bazara biyu ina sanyaya rabin kofunan yarinyar nan da hannuna, ina barin ɗaya rabin a cikin zafin ɗaki, a binciken da gaba ɗayansa a kan zafi yake. Saiwar da ke cikin sanyi dole ta riƙe gishirinta. Ma'aunin bango yana faɗin zafin bango, ba wanda ya taɓa tsoma ma'auni cikin kofi. Malam Habu yana ta ba ni labarin gonarsa, ni ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena.

Ban faɗa a gabansa ba. A mota ma ban faɗa ba, buhun iri na tsakanin ƙafafuna, ita tana lissafin kwanakin da suka rage. Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zauna kusa da ni a motar nan. Ya ce ba wanda ya taɓa ganin buhun. Ya ce a ce wa baƙo damina ce ta ɓata iri, a roƙe shi ya karɓi lambobin bazara biyu, ai suna nan a rubuce da tawada. Wataƙila ma ya yarda. Har muka shigo gari ban ba shaiɗan amsa ba.

Da safe na riga ta zuwa. Na ɗauko buhun daga bayan ɗaki na shimfiɗa shi a kan tebur kusa da bututun. Da ta shigo ta gaishe ni, ta dubi buhun, ta dube ni. Na faɗa mata komai a tsaye, tun daga ranar farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta jawo kaye ta fara buɗawa, shafi bayan shafi, bazara ta farko, bazara ta biyu, tana bin layi da yatsa. Na san abin da take nema, na kuma san babu shi.

"Kullum?" ta ce.

"Kullum, Malama."

"Kuma kana cirewa kafin in dawo."

"Don kada a ga ƙazanta."

Ta rufe kayen a hankali. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne in kawo ma'aunin zafi guda biyu, in kuma nemo hanyar busar da iskar ɗakin. Muka kai kayan ƙaramin ɗakin sito, muka kunna murhun busar da samfur har ɗakin ya yi zafi ya bushe kamar bazara. Ta jera kofuna, ta sa na lulluɓe bututun da jiƙaƙƙen buhu na kunna fanka, amma ta cire filogin wayar ta riƙe shi a hannunta. Babu wuta, babu maganaɗisu, buhu kawai. Ma'aunin cikin bututu ya sauka ƙasa da na waje muna kallo. Bayan la'asar muka auna. Kyakkyawan sakamakonmu na bazara biyu ya dawo cif, kamar bai taɓa tafiya ba. Na zauna a kan bokiti.

Ita da kanta ta faɗa wa baƙon ran da ya iso, a gaban shugaban sashe. Na nemi izini na ce laifin nawa ne, na yi bayani da guntun Faransancina. Baƙon ya daɗe yana kallon buhun, har ya taɓa shi da yatsa. Ya yaba mata, ya ce ba kowa ne zai yi abin da ta yi ba. Amma ya ce gurbin na wanda ke da sakamako a hannu ne, kuma lokaci ya ƙure. Aka ba wani. Shugaban sashe ya so a rubuta mini takardar horo, ita ce ta hana, ta ce tana bukatar mai auna mata. Yadda ta yi da mahaifinta ban sani ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Daga ranar ta daina ce mini Baba. Mushe Isufu na koma, yadda ake kiran kowane ma'aikaci da Faransanci. Gaisuwa ba ta ragu ba, ladabi bai ragu ba, amma duk safiya in na ji wannan Mushe sai in ji kamar an tsikare ni da allura. Muka sake aikin daga tushe, shekara biyu. Mamman Sani ya naɗa mana bututu na biyu irin na farko sak, wanda yake ɗumi amma wayarsa an naɗa ta yadda ba ya yin maganaɗisu. Kowane kofi da ma'auninsa a ciki. In za a jiƙa buhu a jiƙa biyu, a rubuta sa'a, a rubuta yawan ruwan. Da zafi ya zama ɗaya, bambancin ya ƙanƙance har na'urarmu ba ta iya rantsuwa a kansa. Abin da ta rubuta ke nan: ba ta ce babu ba, ta ce da irin ƙarfin maganaɗisunmu da kayan aikinmu ba mu gani ba. Ta zama dakta a makare, ba jirgi, ba biki mai yawa. Yanzu tana koyarwa a Damagaram Takaya, kuma na ji an ce ɗalibanta na kuka da ita a kan rubutu.

Saboda haka in kun ga ina tsaye a kanku ina tambayar wa ya buɗe taga, wa ya matsar da fanka, wa ya ɗora kofi kusa da bango, ba tsufa ba ne, ko kuma ba shi kaɗai ba ne. Na'ura ba ta taɓa cutar da kowa a ɗakin nan ba. Hannu mai son taimako ne ya yi, da abin da yake ganin bai kai a rubuta ba.

Mako biyu bayan ta kare bincikenta a gaban malamai ta shigo da kwafi ɗaya mai baƙin bango ta ajiye a gabana. Yana nan a kabad, wanda ke so ya duba. Na zaci shafin godiya za ta nuna mini, har na fara shirya abin da zan ce na ban cancanta ba. Sai ta wuce shi, ta buɗe inda ake jera kayan aiki. Na'urar wuta da sunan ƙirarta, bututu biyu da yawan zagayen wayarsu, ma'aunan zafi, kofuna. Ta sa yatsa a layin ƙarshe. Na sa tabarau na karanta: buhun algarara, jiƙaƙƙe. Na ɗago na dube ta.

"Na rubuta maka shi, Baba," ta ce, "tunda kai ba ka rubuta ba."